Yadda Muka Koyi Jiran Wuta a Matameye

Wanda ya koyi gyaran rediyo a Matameye zamanin kaset bai san wani abu wai shi tsarin tashin wuta ba. Akwatin yana cin batir huɗu ko shida, in kuma na kuran ne, ƙaramin taransifoma ya sauko da bolt 220 zuwa 9 ko 12, diyod su daidaita wutar, kondansa ya tace ta, shi ke nan. Hanya ɗaya ce, wuta ɗaya. Maigidan da ya koya mini aiki kan duba ta da mita mai allura, ya ce, "Yaro, akwai wuta, nemi ciwon a gaba."

Abin ya sauya ne da kayan Sabon Garin Kano suka fara shigowa ta Daura: bidiyo, dikoda, kwamfuta, daga baya talabijin mai shafaffen gilashi. Babu nauyin taransifoma a cikinsu. Suna mai da bolt 220 zuwa kusan 310 a kan babban kondansa, su yayyanka ta da sauri, su fitar da wuta kala-kala. A nan muka gane cewa samun wuta bai isa ba, sai ta zo a kan layi. Tsarin ATX na kwamfuta da kamfanin Intel ya fitar a 1995 shi ya buɗe wa da yawanmu ido. Bolt 5 na jiran tsammani ne ke fara tashi tun na'ura tana kashe. In an danna maɓalli, babban allo ya ba da izini, sai 12 da 5 da 3.3 su taso. Bayan sun zauna daram, cikin abin da bai wuce rabin daƙiƙa ba, wata waya ta kai labari cewa wuta ta yi kyau, sannan ƙwaƙwalwa ta fara aiki. Kamar hawan salla ne, kowane ayari da lokacin fitarsa. Wanda ya riga na gabansa, ko dai na'ura ta ƙi tashi, ko ta yi ta ƙyafta jar fitila, ko wani guntu ya ƙone.

Wutar yankinmu ta ƙara mana karatu. Layin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake zuwa ta Gazawa, kuma da Najeriya ta yanke shi a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai gari ya koma kan janareto da faranti mai aiki da rana. Mutane na ɗora laifin lalacewar kaya kan ɗaukewar wuta, alhali dawowarta ce ke kisa. Kondansa da babu komai cikinsa yana zuƙar wuta da ƙarfi a ƙiftawar farko. Akwai ɗan baƙin abu a bakin hanya, NTC, da ke tare wannan zuƙa yayin da yake da sanyi. Da ya yi zafi sai ya saki. To in wuta ta tafi ta dawo nan take, bai huce ba, babu mai tarewa, fiyus da diyod ne ke biya. Shi ya sa muke cewa a kashe soket, a jira. Firij ma yana son minti uku zuwa biyar. Masu sola su ma suna da nasu layin: a haɗa batir da na'urar caji tukuna, faranti ya biyo baya.

Abin da ke damuna shi ne yaran yanzu. Talabijin ta ƙi tashi, sai su cire allon wuta gaba ɗaya su aika Kano a sayo wani, alhali sau da yawa kondansa ɗaya ne ya kumbura saboda zafin bazara. Mai kaya ya biya kuɗin allo a kan abin da bai kai jaka guda ba. Iyayen gida masu shago, ku zaunar da almajiranku ku sa mita a hannunsu, su bi wuta daga ta farko har ta ƙarshe kafin su taɓa sukurdireba.