Ƙaddara da Abin da ke Hannunmu: Darasi daga Girkawan Dā

Na lura duk abin da ya same mu nan Kurmi, kalma guda muke rufe zancen da ita, wato ƙaddara. An yi rikicin Idi-Araba a 2002 mun ce ƙaddara, an yi na kasuwar Mile 12 a 2016 mun ce ƙaddara, da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a 2022 ma haka muka ce. Ni ban musa ƙaddara ba, amma ina ganin mukan jingina mata har abin da yake aikinmu ne.

Girkawan dā sun daɗe suna nazarin wannan batu. Akwai wani masaninsu mai suna Efiktetus, wanda ya tashi yana bawa a birnin Rum kafin a 'yanta shi, ya rasu wajen shekara ta 135. Shi ya kasa lamuran duniya gida biyu: waɗanda ba su hannun mutum, kamar asalinsa, lafiyarsa da abin da jama'a za su ce da shi, da waɗanda ke hannunsa, wato niyyarsa da aikinsa. Na farko a haƙure musu, na biyu kuwa babu uzuri a kansu.

Kada wani ya ce wannan ai zancen boko ne. Ta hanyar Larabci ya iso mana, tun da aka fassara littattafan Girkawa a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun (813 zuwa 833). Alkindi ya rubuta wasiƙa kan maganin baƙin ciki, inda ya faɗaɗa wani misalin Efiktetus: jirgin ruwa ya tsaya a tsibiri, matafiya suka sauka. Waɗanda suka biya buƙata suka koma da wuri sun sami wurin zama mai yalwa, masu tsintar duwatsu da furanni suka dawo a matse da kayan banza, waɗanda suka yi nisa kuwa jirgi ya bar su. Duk ɗan ci-rani ya san wannan labari.

Shi kuma Aristo cewa ya yi halin kirki tsaka-tsaki ne, kuma da sabo ake samunsa: jarumtaka tana tsakanin tsoro da ganganci, kyauta tana tsakanin rowa da almubazzaranci. Miskawaihi (ya rasu 1030) ya ɗauko wannan, Imam Gazali (ya rasu 1111) ya tace shi ya sa a Ihya'u, littafin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karanta. Shehu Magili ma, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare ilmin manɗiƙi na Aristo a muhawararsa da Suyuɗi.

Kakanninmu da suka kafa zango a Agege saboda fataucin goro, musamman bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, ba su zauna jiran tsammani ba. Dokar gwamnati da tashin fitina ba su hannunmu. Amma sa yara makaranta, yankar katin zaɓe, riƙe amana da maƙwabtanmu Yarbawa, da tsawata wa samari idan jita-jita ta taso, duk suna hannunmu, kuma su za a tambaye mu.

Allah Ya sa mu dace.