Daga Ɗakin Uwa Zuwa Ɗakin Kaka: Tarihin Makwancin Yaro a Ƙasar Daura

Duk lokacin da aka ambaci tarihin Daura, hankali yakan tafi ga rijiyar Kusugu da Bayajidda da sarauniya Daurama, ko kuma ga shekarar 1906 da aka mayar da Malam Musa kan gadon sarautar kakanninsa. To amma akwai wani tarihin da marubuta ba su cika waiwaya ba, alhali kuwa babu ɗan Daura da bai ratsa ta cikinsa ba, wato tarihin inda yaro yake kwana, da yadda ake raba shi da shimfiɗar mahaifiyarsa. Mun ga ya dace mu tunatar da 'yan'uwanmu mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas wannan al'amari, domin yawancinsu suna renon 'ya'ya nesa da kakanni.

A zamanin iyayenmu, jariri ba shi da gado nasa na kansa. Da rana yana goye a bayan uwa, da dare kuma yana gefenta. Makwancin gida iri uku ne: tabarmar kaba, da gadon kara da ake ɗaurewa da karan dawa, da gadon ƙasa wanda magina suke ginawa da kogo a ƙarƙashinsa, inda ake zuba garwashi saboda mai jego ko tsoho a lokacin hunturu. Mai hali shi ne yake ɗora katifar audugar rimi. A nan yaro yake zama har lokacin yaye, wajen shekara biyu, gwargwadon abin da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta nuna game da cikar shayarwa.

Ranar yaye ita ce ranar ƙaura ta farko a rayuwar Bahaushe. Akan karɓo wa yaro rubutun sha daga wajen malami, a dama masa kunu, sannan a kai shi ɗakin kakarsa, ko a cikin gida ɗaya ko a wani ƙauye na Zango ko Ɓaure ko Sandamu ko Mai'aduwa. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954 daga bakin wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, ya kawo bayanin yaye da riƙon 'ya'ya, abin da yake nuna cewa al'adar ta game ƙasar Hausa.

Hikimar magabata a nan ita ce, ba su taɓa barin yaro shi kaɗai cikin duhu ba. An raba shi da nono, amma an haɗa shi da wadda ta fi kowa haƙuri da kukansa. Kaka takan kira jikanta namiji mijinta, mace kuma kishiyarta, wannan wasa kuwa yana rage wa yaro kewa. Ga shi kuma dare yana da tsari wanda ba ya canzawa: a yi sallar magariba, a ci tuwo, a yi isha'i, a kunna fitilar aci-balbal, sai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, sai addu'a, sai barci. Ko hana tatsuniya da rana da aka yi, ya sa yaro yana ɗokin zuwan dare. Idan kuma ya yi fitsarin kwance, wanke tabarma da shanya ta ba wani aiki ba ne. Daga nan sai ƙaura ta biyu: namiji ya koma soro ko ɗakin samari bayan kaciya, mace ta ci gaba da kwana wajen tsofaffin mata, daidai da umarnin hadisi na raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10.

Sauyi ya fara shigowa sosai a ƙarshen zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya rasu a 1966, da farkon zamanin Sarki Muhammadu Bashar. Gadon ƙarfe mai rumfa ya shiga kayan ɗakin amarya, sunan Vono ya zama sananne, kamfanin Vitafoam da aka kafa a 1962 ya taimaka wajen yaɗa katifar soso. Gado ya yi tsawo, faɗowar yaro ta zama abin tsoro, fitsarin kwance kuma ya zama asara. Shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976, da ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, sun ƙara yawan ma'aikatan da suka bar gida zuwa birane. A gidan haya mai ɗaki biyu babu kaka, babu tsakar gida, sai ƙaramin gadon jariri mai shinge da aka kwaikwayo daga Turawa. Shi ya sa rigimar barci da dā ake raba ta tsakanin mata da yawa, yanzu ta koma kan uwa ɗaya da uba ɗaya da za su yi sammakon aiki.

Abin sha'awa shi ne, binciken zamani bai saɓa wa tsarin kakanninmu ba. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a dare da yini, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, tare da tsayayyen lokacin kwanciya da na tashi. Ta kuma ja kunne a kan barin ƙananan yara gaban talabijin da waya.

Don haka shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, mu ɗauki darasin, ko da mun rasa ɗakin kaka. Kada a haɗa wa yaro yaye da sabon gado da zuwan ƙane a mako ɗaya. A fara da shimfiɗa masa katifa a ƙasa, kamar yadda tabarma take, kafin a hau da shi gado. A haɗa shi da yayansa ko yayarsa. A ɗaura gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro ya fi yi wa 'yan ƙasa da shekara 5 illa. A ajiye waya, uwa ko uba su zauna su yi masa tatsuniya da Hausa, domin yaron da bai ji harshensa a bakin gado ba, da wuya ya riƙe shi a makaranta. Idan hutu ya zo kuma, a kawo su Daura su kwana wajen kakanni tun suna raye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya raya mana zuriyarmu, Ya jiƙan magabatanmu, amin.