Daga Hani zuwa Magani: Tarihin Sha'anin Giya a Nguru da Gashuwa

Tarihin hana giya a arewacin Yobe ya girmi tarihin yi wa mashayi magani da shekaru masu yawa. Tun kafin zuwan Turawa, Nguru, wadda a lokacin ita ce mazaunin Galadiman Barno, tana ƙarƙashin fiƙihun Malikiyya wanda ya tanadi bulala 80 ga Musulmin da ya sha abin maye, kuma da Turawa suka zo sai suka ɗora tasu dokar a kan wannan, domin yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, Gwamna Lugga kuwa ya sa Arewa a cikinsu. Isowar layin dogo daga Kano zuwa Nguru a 1930 ta mai da garin matattarar gyaɗa da ƙaro da shanu, ta kuma kawo ma'aikata da fatake daga sassan da shan giya ba abin kunya ba ne, sannan harkar kasuwanci ta bi hanya har Gashuwa, inda fadar Mai Bade ta koma daga Gogaram a 1946. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa na 1959 ya sa shan giya cikin laifuffukan Musulmi, shari'ar da Jihar Yobe ta ƙaddamar a 2000 kuma ta ƙara jaddada hakan.

Duk waɗannan dokoki hukunci suka tanada, ba su ce kome ba game da ƙawa, wato matsananciyar buƙatar da ke taso wa wanda jikinsa ya saba da giya ko da ya tuba da gaske. Iyalai sun riƙa neman mafita ta hanyar rubutun sha da tofi da saiwoyi, wasu kuma sukan kai ɗansu gidan mari, inda ake ɗaure kangararru da sarƙa, irin gidajen da hukuma ta rufe a Kaduna da Daura a 2019. Haɗarin da ba a cika lura da shi ba a nan shi ne cewa yanke giya farat ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha da yawa na iya jawo karkarwa da farfaɗiya da gushewar hankali, har da mutuwa, abin da sau da yawa ake ɗora wa aljanu.

Magungunan asibiti daga nesa suka taso. Na farkonsu, disulfiram, masana biyu ne a Denmak suka bayyana amfaninsa a 1948, kuma ba ya rage ƙawa, sai dai ya hana hanta ƙarasa narkar da giya, ta yadda wanda ya kurɓa bayan ya sha shi zai yi fama da amai da bugun zuciya da faɗuwar jini; yawanci miligiram 250 ake bayarwa a rana, tasirinsa kuma yana iya kai mako 2 bayan an daina. Ɗabi'ar zuba wa mutum magani a fura ko miya ba da saninsa ba, wadda ƙauna ce ke sa uwa ko mata yin ta, tana iya zama ajalinsa idan wannan ƙwaya ce aka zuba.

Sauran biyun, wato naltirekzon da akamfuroset, su ne masu rage ƙawar kanta, kuma kowannensu ya ci karo da wata matsala da yankin ya sani sarai. Naltirekzon, wanda Amurka ta amince da shi don masu shan giya a 1994, ana shan miligiram 50 a rana bayan an duba lafiyar hanta, yana kuma toshe kafofin ƙwaƙwalwa da ke karɓar daɗin maye. Amma da yake kafofin nan ne tiramol da kodin suke bi, wajibi ne mutum ya yi kwana 7 zuwa 10 bai taɓa su ba, in ba haka ba ciwon yankewa mai tsanani zai kama shi nan take. A ƙasar da sai da gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin a 2018, likitan da bai yi wannan tambaya ba ya yi sakaci, majinyacin da ya ɓoye amsa kuwa ya cuci kansa.

Akamfuroset, wanda aka fara amfani da shi a Faransa a 1989, ana shan miligiram 666 sau 3 a rana, kuma bai dami hanta ba, domin ta ƙoda yake fita daga jiki. Wannan ne ya sa ake rage shi zuwa miligiram 333 ga mai raunin ƙoda matsakaici, a hana shi gaba ɗaya ga wanda ƙodarsa ta yi nisa da lalacewa. Gashuwa da ƙauyukan ƙasar Bade da ke bakin kogin Yobe sun daɗe da yin suna wajen yawan ciwon ƙoda, ciwon da kan yi shekaru a jiki ba tare da alama ba, saboda haka ma'aunin da ya dace da mutumin wani gari ba lalle ne ya dace da na nan ba, sai an ɗebi jini an auna aikin ƙoda, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko wani asibiti mai ɗakin gwaji, kafin a haɗiyi ƙwaya ta farko.