Digiri na biyu a ilimin kufai na zamanin kafin rubutu

Ilimin kufai na zamanin kafin rubutu reshe ne na ilimin binciken kayan tarihi, wanda ake kira akiyoloji. Yana nazarin rayuwar al'ummomin da ba su bar rubutu ba, ta hanyar abin da suka bari a ƙasa: katangar tukwane, kayan aikin dutse, kashin tama, kaburbura, ƙasusuwa da ƙwayar hatsin da ta ƙone. A matakin digiri na biyu ne ɗalibi yake tashi daga mai karanta rahoton tonon wasu, ya koma mai gudanar da binciken kansa. Fannin yana da muhimmanci ga ƙasar Katsina, domin mafi yawan shekarun da mutane suka yi a cikinta sun gabaci zuwan alƙalami da tawada.

Iyakar zamanin

Ƙarshen zamanin kafin rubutu ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Masar an fara rubutu fiye da shekara 5,000 da suka wuce. A ƙasar Hausa kuwa, rubutu ya kafu ne tare da yaɗuwar Musulunci a ƙarni na 14 da na 15.

A birnin Katsina, hasumiyar Gobarau tana tsaye a bakin wannan iyaka. Ginin ƙasa ne mai tsawon kimanin mita 15, ragowar tsohon masallacin Juma'a wanda ya zama cibiyar karatu. Tarihin baka yana danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Korau da kuma zuwan Shehu al-Maghili a ƙarshen ƙarni na 15. Daga wannan lokaci masu tarihi suna da littattafan malamai da jerin sunayen sarakuna. Abin da ya gabace shi kuwa, sai dai a neme shi a ƙarƙashin ƙasa.

Inda ake karantarwa

A arewacin Najeriya, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ta fi daɗewa tana ba da digiri na biyu da na uku a wannan fanni. Jami'ar Jos ma tana da sashensa. A kudu akwai Jami'ar Ibadan, inda Farfesa Thurstan Shaw, wanda ya tona Igbo-Ukwu da kogon Iwo Eleru, ya assasa sashen, sai kuma Jami'ar Najeriya da ke Nsukka.

Akan ɗauki mai digiri na farko a ilimin kufai, wani lokaci kuma a tarihi ko ilimin ƙasa ko nazarin al'umma, tare da takardar kammala hidimar ƙasa. Karatun yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu.

Tsarin karatu

Kashi na farko darussan aji ne: ra'ayoyin fannin, tarihin Afirka daga zamanin dutse zuwa zamanin ƙarfe, nazarin tukwane, dokokin kare kayan tarihi da aikin gidan tarihi. Ana kuma lura da maƙera da magina tukwane na yau, domin fahimtar yadda aka yi kayan da aka tono.

Kashi na biyu aikin fili ne. Ɗalibi yakan zagaya kufai ya zana taswirarsa, ya tattara tarihin baka daga dattawan yankin, sannan ya yanka rami mai kusurwa huɗu ya riƙa tono sannu a hankali, yana tankaɗe ƙasar. Ƙa'idar ita ce, muddin ba a birkita wurin ba, abin da ke ƙasa ya girmi abin da ke samansa. Saboda haka ake rubuta zurfin kowane abu kafin a ɗaga shi. Tono ba ya maimaituwa, abin da ba a rubuta ba a ranar ya ɓace ke nan.

Kashi na uku shi ne rubuta kundi da kare shi a gaban malamai, ciki har da mai jarrabawa daga wata jami'a.

Tantance shekaru

Hanyar da aka fi amfani da ita ita ce awon kabon-14, wadda Willard Libby ya ƙirƙiro a Amurka, har ta jawo masa kyautar Nobel a 1960. Duk abu mai rai yana ɗauke da wannan sinadari, kuma bayan mutuwarsa rabin sinadarin yakan lalace a kowace shekara 5,730. Da haka ake ƙiyasta shekarun gawayi ko ƙashi har zuwa kimanin shekara 50,000.

Da wannan awo aka gane cewa kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 a yankin da yake Jihar Yobe a yau, ya kai shekara 8,000. Haka nan binciken Jami'ar Goethe ta Frankfurt, wanda aka fara a 2005, ya nuna cewa al'adar Nok ta faro ne wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma mutanenta manoman gero ne.

Durɓi Takusheyi

Wurin tono mafi shahara a ƙasar Katsina shi ne Durɓi Takusheyi, wasu tuddan kaburbura a yankin Mani, kimanin kilomita 30 gabas da birnin Katsina. Tarihin baka yana cewa sarakunan Durɓawa ne ke kwance a ciki. H. R. Palmer ya tona wasu daga cikinsu a 1907. A 1992 Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, suka tona guda uku. Daga baya an kai kayan birnin Mainz na Jamus domin gyara da nazari.

An sami wuri, duwatsun ado, awarwaron hauren giwa, kayan zinariya da wani kwanon tagulla ƙirar Gabas ta Tsakiya. Awo ya sanya kaburburan tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Wannan ya nuna cewa masu mulkin yankin suna da hannu a cinikin hamada a daidai lokacin da birnin Katsina yake tasowa.

Ƙalubale

Babbar barazana ga fannin ita ce tonon sata. Gumakan yumɓu da ake kira na Katsina da na Sakkwato sun cika kasuwannin Turai, amma kusan dukkansu an fitar da su ne ba tare da an rubuta ramin da suka fito ba. A shekara ta 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya su, tare da na Nok, cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari. Gunkin da aka raba da ƙasarsa da gawayin da ke gefensa ba ya iya faɗin su wa suka yi shi, ko me suke ci, ko yaya suka zauna.

Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta haramta tono ko fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Sauran matsalolin sun haɗa da tsadar aika samfuri ƙasashen waje domin awo, da rashin tsaro a wasu ƙauyukan arewa maso yamma, da faɗaɗar gonaki da gine-gine a kan kufai da tsofaffin ganuwa.

Aiki bayan karatu

Masu wannan digiri sukan koyar a jami'o'i da kwalejoji, ko su yi aiki a hukumomin tarihi da al'adu na jihohi, ko a gidajen tarihi irin na Katsina, wanda ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina. Wasu kuma sukan wuce zuwa digiri na uku a gida ko a ƙetare.