Ciro bidiyo da sauti daga faifan VCD da DVD domin sake tsara su

A gidaje da dama akwai faya-fayan VCD da DVD na bikin aure, suna, wa'azi da finafinan Hausa. Zafi, ƙura da karcewa na cinye su sannu a hankali, musamman waɗanda aka ƙona a kwamfuta. Ciro abin da ke ciki tun faifan yana karantuwa shi ne hanyar tsirar da shi.

A faifan VCD, bidiyon yana cikin jakar MPEGAV, a fayiloli irin AVSEQ01.DAT, da tsarin MPEG-1 mai girman hoto 352 × 288. Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7. Bidiyonsa na cikin jakar VIDEO_TS, a fayilolin VOB da kowanne bai wuce gigabait 1 ba, shi ya sa fim ɗaya ke rarrabuwa gida-gida. Fayilolin IFO su ne ke riƙe da jerin babi-babi da shafin zaɓi, BUP kuma kwafinsu ne na ko-ta-kwana.

Matakin farko shi ne kwafe jakar gaba ɗaya zuwa kwamfuta, a ajiye ta ba a taɓa ba. Duk wani gyara a kan kwafi na biyu ake yin sa.

Daga nan hanya biyu ce. Manhajar MakeMKV tana kwaso hoto da sauti daga DVD yadda suke, ba ta rage musu inganci. HandBrake kuwa sake matse bidiyon take yi zuwa MP4, wanda ya dace da salula da katin ajiya, amma duk matsi yana rage kyawun hoto, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Don haka wanda zai sake haɗa sabon DVD gara ya bar bidiyon a tsarinsa na MPEG-2, ya yanke abin da zai yanke kawai.

Da FFmpeg ana raba sauti da hoto, sannan a gyara sautin a Audacity: a ɗaga murya, a rage ƙarar iska ko ta janareta. A kula kada tsawon sautin ya sauya, domin idan ya sauya, magana za ta saɓa da motsin baki. Sautin DVD yana kan 48 kHz ne, na VCD kuma 44.1 kHz, saboda haka sai an juya na VCD kafin a sa shi a DVD. Manhajar DVDStyler tana haɗa sabon shafin zaɓi da babi-babi kafin a ƙona faifan.

Bidiyon bikin gida na iyali ne, suna iya kwafarsa yadda suka so. Fim ko waƙar wani kuwa, kwafe su domin sayarwa ba da izinin mai su ba satar fasaha ce. A Nijar, ofishin BNDA ne ke kula da haƙƙin mawallafa da mawaƙa.