Tallafin Gwamnati da Noman Rani a Ƙasar Kura da Bunkure

A wasu ƙasashe, kamar Amurka, tun daga shekarar 1933 gwamnati kan biya manomi kuɗi a hannu domin ta daidaita farashin amfanin gona. A Nijeriya kuwa ba haka al'amarin ya faro ba. Tallafi ya riƙa zuwa ne ta hanyar ruwa, da iri, da takin zamani mai rangwame, da hayar tarakta. Tarihin noman rani a ƙasar Kura da Bunkure kyakkyawan misali ne na abin da irin wannan tallafi ya haifar.

Tushen aikin shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, wato daidai lokacin da fari ya addabi Arewa. An fara gwaji a Kadawa, sa'an nan aka tsara shayar da kimanin hekta 22,000 a kashin farko. Aka baje gonaki, aka haƙa hanyoyin ruwa, aka sake raba ƙasa ga masu ita. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. A wannan shekara ce kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta ɗauki nauyin mafi yawan kuɗin taki.

To, amma tallafin yana tafe da sharaɗi. Abin da hukuma ke so a shuka shi ne alkama, domin a rage kuɗin da ake kashewa wajen sayo ta daga ƙetare saboda burodi. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, don an daɗe ana noma ta da jigo a fadamu, ana yin alkaki da finkaso. Sai dai tana bukatar a shuka ta a watan Nuwamba, ta sha sanyin hunturu, alhali a lokacin dawa ba ta bar gona ba. Ke nan an sa manomi ya zaɓa tsakanin abincin gidansa da amfanin da hukuma ta zaɓa masa.

Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, farashinta ya tashi, manoma suka rungume ta. Da aka ɗage hanin a farkon shekarun 1990, sai kasuwarta ta faɗi. A 1997 aka janye rangwamen taki, aka maido da wani ɓangare nasa a 1999. A 2012 aka koma raba taki ta saƙon wayar hannu, a 2015 kuma Babban Bankin Nijeriya ya fito da bashin noman shinkafa da alkama. Kowace gwamnati da nata salon, manomi kuwa ba ya iya tsara gonarsa a kan abin da bai da tabbacin zai kai baɗi.

Abin lura shi ne, amfanin da ya ɗaukaka sunan wannan yanki ba wanda aka tsara tun farko ba ne. Manoma da kansu suka karkata ga tumatir da albasa da shinkafa, har Kura ta zama cibiyar casar shinkafa, Kwanar Gafan ta zama kasuwar tumatir da ake lodi zuwa Kudu.

Darasin a fili yake. Tallafin da aka ɗaura wa amfani guda yakan tafi da gwamnatin da ta kawo shi. Wanda ya ɗore shi ne ruwan Tiga, domin bai tilasta wa manomi abin da zai shuka ba. Saboda haka yashe hanyoyin ruwa da gyaransu ya fi kowane rabon buhu muhimmanci ga manomin Kura da Bunkure.