Kaburburan Mai Jirgi: wa ya kai labarin talabijin?

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Tasawa zuwa Damagaram ya ratsa Mai Jirgi. Nan aka binne Voulet da Chanoine, kyaftin biyu na Faransa da suka biyo ƙasar Hausa a 1899 suna ƙona garuruwa, tun daga Lugu ta Sarauniya Mangu, Birnin Ƙonni, har Koran Kalgo. A Dankori, ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da gwamnatinsu ta aiko ya dakatar da su. Bayan ƴan kwanaki sojojinsu baƙar fata suka juya musu bindiga. Kakanninmu sun riƙe wannan a baka. To, wa ya kai shi allo?

Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya so ɗaukar fim ɗin Sarraounia a Nijar. Hukumomin zamanin Kunce suka janye jiki, Burkina ta Sankara ta karɓe shi, fim ya fito a 1986. Binciken da ya zauna da tsofaffinmu kuwa, African Apocalypse, na Rob Lemkin ne ɗan Ingila. Ya fito a 2020, BBC ta nuna shi a 2021, sai a 2022 ya zo da Hausa a Arewa24. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan, ni mai karatun harshe: tsoho ya yi maganarsa da Hausa, sai da ta bi ta Ingilishi kafin jikokinsa su ji ta.

Ba kyamara muka rasa ba, ku dubi Zinder na Aisha Macky. Kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, mai fim yakan kai wa tasha takarda: ga tambayar da zan bincika, ga shaiduna, ga tsawon shirin, ga kuɗin da zai ci. Tashar da ta amsa, ita ke faɗin wa za a yi wa magana, da wane harshe. Muna da Tele Sahel, amma tun kafuwarta tashar gwamnati ce, ba jama'a ke riƙe da linzaminta ba, kuma mai bincike bai san inda tambayarsa za ta kai shi ba.

Duk da haka, mu ƴan Tasawa da Mayahi nawa ne muka taɓa rubuta takardar muka kai Yamai, balle a ce an ƙi? Ni na fara tawa a hutun nan. Da Faransanci, don shi ake karantawa a ofis.